Ranar da Na Auna Jinin Baffa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da yammacin wata Alhamis da na je gaida mahaifin Habiba a karon farko.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya a nan Dutse, aikina buga takardu da kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Amma a cikin kaina ba haka nake ba. Tun ina ƙaramar sakandare nake satar littattafan soyayya na yayyena mata, irin waɗanda ake bayarwa haya a kasuwa, in cusa su a tsakiyar littafin lissafi in yi ta karatu (wannan kaɗai ya isa ya nuna muku inda labarin zai ƙare). A cikin littattafan nan na koyi cewa namiji ba ya samun mata haka siddan. Dole sai wani abu ya faru. Ko mota ta ƙwace, ko gobara ta tashi, ko wani ya yanke jiki ya faɗi, sai jarumi ya bayyana a daidai lokacin, ya naɗe hannun riga, kowa ya yi ta sa masa albarka, yarinya kuma tana gefe tana share hawaye. Na girma ina jiran wani ya faɗi a gabana. Babu wanda ya faɗi.

Habiba ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, a lokacin tana sanin makamar aiki a wani ƙaramin asibiti cikin gari. Mun daɗe tare, mahaifiyarta ta san da ni, abin da ya rage shi ne mahaifinta ya gan ni ya ba da izinin in turo magabata. Baffa suke ce masa. Bafulatani ne daga wajen Miga, ya dawo bayan gari da zama yana saye da sayar da shanu, yana kuma da nasa da ake kiwata masa a ƙauye. Tun kafin ranar Habiba ta ja mini kunne. Ta ce Baffa ba ya duba sutura, ba ya tambayar aikin mutum, abu ɗaya yake dubawa, natsuwa. Ta ce akwai wanda ya taɓa zuwa neman yayarta, Baffa ya sallame shi don kawai ya amsa waya a gabansa yana ƙyaƙyata dariya. Ta ce kuma in sani Baffa ba ya taɓa cewa ba shi da lafiya. Wani sa ya taɓa take masa ƙafa har yatsa ya karye, ya yi ta yawo a kai yana cewa ba komai, sai da Inna, mahaifiyarta, ta ga takalmi ya ƙi shiga sannan aka sani. Fulako ke nan, in ji ta. Haka kuma ba ya ci ba ya sha a gaban suruki, don haka idan aka kawo fura bai taɓa ba kada in ɗauka fushi ne.

Na ji duk abin da ta faɗa. Sai dai da kunnen mai karatun littafi na ji. Dattijo mai ɓoye ciwo, ai wannan babi ne guda.

Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, shi ne zai raka ni. Ya ce a riƙa goro da dabino da turare, shi ke nan. Ni kuwa na ga wannan kowa ma zai iya kai shi. Na tuna Habiba ta taɓa cewa likita ya ce Baffa ya rage gishiri don jininsa ya fara hawa, sai na shiga kasuwa na sayo na'urar awon jini, irin mai batir da ake naɗawa a dantse. Kwalinta duk rubutun Sinanci ne, an lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Ban buɗe ba, don kyauta ta fi kyau da ledarta. Duk ilimina a kan hawan jini kuwa lamba biyu ne da na haddace daga bakin Habiba: ɗari da ashirin a sama, tamanin a ƙasa, shi ne lafiya.

Mun isa bayan la'asar. Aka yi mana iso zaure, muka tarar da Baffa zaune a kan buzu da carbi a hannu. Dogo ne siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai mutum ya kasa kunne yake ji. Na durƙusa na gaishe shi, na koma gefen tabarma na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini. Kawu ya yi bayani, Baffa ya tambayi asalinmu, aka gano ya taɓa sayen bijimi a hannun wani kakanmu a kasuwar Taura. Har murmushi ya yi. Wallahi da a nan muka tashi, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku.

Kawu ya tura kayan gaisuwa gabansa. Baffa ya yi godiya, ya dubi kwalin ya tambayi mene ne wannan. Amsar da ta dace ita ce, na'urar awon jini ce, Baffa, sannan in yi shiru. Rabin farko na yi daidai. Sai na ji bakina ya ci gaba da kansa, wai ko in gwada masa yanzu. Kawu ya mintsine ni a cinya. Baffa ya ce ba sai na wahala ba. Amma na riga na yage ledar ina saka batir, shi kuwa mutum ne da ba ya iya gwale baƙo, sai ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo.

Na'urar ta yi gurnani, ta matse dantsen, ta saki. Lambobi suka fito. Kawu ya leƙo ta kafaɗata, da yake bai zo da tabarau ba, ya ce ɗari da saba'in da uku, lallai ya ɗan hau, Alhaji sai a riƙa hutawa.

Ni kuwa idona ƙalau. Na ga abin da Kawu bai gani ba. Akwai ɗigo tsakanin bakwai da uku. Sha bakwai da ɗigo uku a sama, goma da ɗigo bakwai a ƙasa. (Ku lura, na ga ɗigo, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Ina so ku riƙe wannan a ranku.) Mutumin da ya kamata a ga ɗari da ashirin, ga shi da sha bakwai. Na sake aunawa, ta nuna sha bakwai da ɗigo ɗaya. Wato ma sauka yake yi.

Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi Baffa da kyau. Leɓɓansa a bushe, idanunsa sun ɗan faɗa. Na tambaye shi ko yana jin jiri, ya ce a'a. Na tambaye shi ko yana jin ƙishirwa, ya yi shiru. Na ce a raina, to ga shi nan.

"Lafiyata ƙalau, ɗana," in ji shi.

Abin da mai karyayyen yatsa zai faɗa ke nan. Ban ma saurare shi ba.

Kawu, Allah ya ba shi lada, ya miƙo nasa hannun ya ce in gwada a kansa mu ga ko na'urar ce. Na ce masa babu lokaci. Na miƙe, na nufi ƙofar da ke shiga cikin gida, wadda baƙo irina ko kallonta bai kamata ya yi ba, na yi sallama da ƙarfi na ce a taimaka da ruwa da gishiri da sukari, don na taɓa ji a rediyo ana ba wanda jininsa ya faɗi. Inna ta zo bayan ƙyaure ta tambayi ko lafiya. Na gyara murya, na yi irin maganar da jarumai ke yi idan suna so kada mata su firgita.

"Inna, a kwantar da hankali. Jinin Baffa ne saura sha bakwai."

Ta ce, "Cikin nawa?"

Na ce, "Cikin ɗari da ashirin."

Daga nan sai salati ya tashi a cikin gida.

Aka miƙo kwanon ruwa da gishiri a murfin samira. Na zuba ba awo, na motsa da cokali, na durƙusa na miƙa wa Baffa. Ya ce a bari sai magariba. Na gane matsalar nan take, wato ba zai sha a gaban suruki ba. Sai na juya masa baya, na fuskanci bango, na miƙa kwanon ta bayana, na ce Baffa ga shi na kau da kai, ba na gani. Haka na tsaya, hannu a murɗe, goshi kusa da bango. Inna tana bayan ƙyaure tana magana da Fulatanci cikin kuka, Baffa yana amsa mata a taƙaice. Ni ba na jin Fulatanci, na ɗauka wasiyya yake bari. Can na ji an karɓi kwanon daga hannuna. Na ji ya haɗiya, ya yi tari, ya ce Alhamdu lillahi da wata irin murya.

Na fita da gudu na tare adaidaita sahu. Kafin in dawo Baffa ya miƙe, ya saka takalmi, ya ce tun da hankalin mutanen gida ya tashi bari ya je a duba don su natsu. Na ce ai mai sha bakwai ba ya tafiya da ƙafarsa. Kafin kowa ya ankara na sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na sungume shi. Ba shi da nauyi, amma yana da tsawo. Ƙafafunsa suka bugi ƙofar zaure, hularsa ta faɗi, Kawu ya bi ta da gudu. A waje kuwa mutanen unguwa suna zaune a inuwar masallaci, duk suka miƙe.

Baffa ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ɗana, sauke ni. Mutane suna kallo."

Na ce, "Ba komai Baffa, kamar uba kake a wurina."

Mai adaidaita ya ce akwai asibiti nan kusa, bayan kwana. Na ce a'a, na faɗa masa sunan wanda Habiba take, can cikin gari. A lokacin na gaya wa kaina don sun fi kayan aiki ne. Gaskiyar magana ita ce na riga na hango hoton: ni ɗauke da mahaifinta, gumi a goshina, ita da fararen kaya ta saki abin da ke hannunta. Ba zan ɓata wannan a asibitin da ba a san ni ba.

A hanya na tuna ba a barin marar lafiya ya rufe ido, dole a yi ta jan sa da magana. Na rasa abin da zan ce, sai na tambaye shi shanunsa nawa ne yanzu. Kawu ya take mini ƙafa da iyakar ƙarfinsa. Ko yaron goye ya san ba a tambayar Bafulatani yawan shanunsa. Baffa ya juya yana kallon duwatsu har muka isa.

Hoton da na hango bai samu ba. Ina can ciki ina neman gado mai taya, Baffa ya sauka da kansa, ya karɓi hularsa daga hannun Kawu, ya kaɗe ta, ya shigo yana yi wa mutane sallama. Habiba ta fito daga wani ɗaki ta gan mu, ta tsaya cak. Babbar ma'aikaciyar jinya da ke wurin, wata mai jiki da suke kira Sista, ta zaunar da Baffa, ta ɗauko irin nasu ma'aunin mai famfo a hannu, ta sa abin sauraro a kunne. Na tsaya a kanta ina gaya mata a shirya jini, in ana bukata a ɗebi nawa.

Ta cire abin daga kunne ta ce ɗari da talatin a kan tamanin. Ta ce, Baba, ai naka ya fi nawa kyau.

Maimakon in gode wa Allah in yi shiru, sai na zaro na'urata daga aljihun babbar riga a matsayin shaida. Na danna ta nuna awon da ta yi na ƙarshe da na farko, na ce to wannan fa? Habiba ce ta karɓa. Ta duba, ta juyo da fuskar na'urar wajena, ta ɗora farcenta a gefen lambar. Akwai wasu haruffa uku a wurin, kPa, kuma kowanne ya fi ɗigon nan nawa girma.

Ba ta ɗaga murya ba, don mahaifinta yana wurin. Ta yi bayani kamar mai karanta darasi. Ta ce ƙarfin bugun jini abu ɗaya ne, amma ma'aunin da ake faɗarsa da shi ya bambanta. A asibiti ana faɗarsa ne da tsayin da zai iya tura zaiba a cikin siririn gilashi, shi ne ake rubuta mmHg, kuma ɗari da ashirin ɗin da na haddace na wannan ne. Na'urata kuwa an saita ta a kan kilofaskal, ma'aunin da wasu ƙasashe ke amfani da shi. Kilofaskal ɗaya daidai yake da bakwai da rabi na asibiti. Ta ce in ciro wayata in ninka.

Na ninka sha bakwai da ɗigo uku sau bakwai da rabi. Ɗari da talatin, saura ƙiris. Na ninka goma da ɗigo bakwai. Tamanin da 'yan kai. Na sake ninkawa ko Allah zai sa wayar ta canza ra'ayi.

Sista ta ce kamar a ce wa mutum hatsin gida saura sha bakwai ne, ya ɗora hannu a ka yana kuka, bai tambaya buhu ne ko kwano ba. Ta ƙara da cewa wanda yake da sha bakwai a irin nasu awon, ba adaidaita ake nemo masa ba. Habiba ta danne wani maɓalli a gefen na'urar na ɗan lokaci, haruffan suka koma mmHg. Abin da ya rage mini in yi tun a gida ke nan.

Na ɗauka an gama da ni. Ashe da saura. Sista ta tambaya ko an ba shi wani abu kafin a kawo shi. Kawu ya ce ruwan gishiri. Ta tambayi yawan gishirin, Kawu ya nuna da tafin hannunsa. Habiba ta rufe ido. Sista ta juya ga Baffa ta ce, to Baba me ka ci yau?

Baffa ya nemi hanyar amsawa da ba zai kunyata kowa ba. Bai samu ba.

"Azumin Alhamis nake yi," in ji shi. "Har zuwa ɗazu."

Wato bushewar leɓe ke nan. Wato a bari sai magariba ke nan. Wato abin da suke ta yi da Inna da Fulatanci ke nan, tana roƙonsa ya karya tun da nafila ce, yana ce mata rana ta kusa faɗuwa. Mutumin da likita ya hana gishiri, na sa ya karya azumi da gishiri, ana gab da shan ruwa, a gaban surukin da ko surukin bai zama ba. A daidai lokacin aka fara kiran magariba a masallacin asibitin.

Ban san yadda fuskata ta koma ba, amma Sista ta dube ni ta ce in zauna. Ta naɗa mini abin a dantse ta yi famfo. Ɗari da hamsin. Baffa ya tambayi Habiba, ba tare da ya dube ta ba, nawa ke nan a awon yaron. Ta ce ashirin.

Ya ce, "To ya fi ni da uku. A ba shi ruwa. Kada a sa gishiri."

Muna fitowa sai ga Inna da matan gida sun sauko daga bas. Wata daga cikinsu ta riga ta buga waya Miga, don haka washegari da sassafe ƙannen Baffa suka iso, sun bar shanu a hannun maƙwabta, sun tarar da shi a ƙofar gida yana gyara igiya. Shi ya yi ta ba su haƙuri.

Amsarsa ta biyo ta hannun Kawu. Bai hana ni ba, bai kuma ba ni ba. Ya ce yaron yana da zuciya mai kyau, amma ta fi kansa sauri, a bari sai bayan kaka a gani. Na aika masa cewa zan rama masa azumin. Ya aiko cewa ba a yi wa mai rai, in yi wa kaina. Habiba ta daɗe ba ta ɗaga wayata ba, ranar da ta ɗaga kuwa abin da ta fara tambaya shi ne me ya hana ni tsayawa a asibitin bayan kwana. Na ce sun fi ku cunkoso. Ta ce in sake tunani. Na faɗa mata gaskiya, ta yi dariya har sai da kuɗin wayata suka ƙare.

Duk daminar nan na riƙa zuwa gaida Baffa. In durƙusa, in koma gefen tabarma, in yi shiru har ya sallame ni. Wata rana ya yi tari a gabana, na ji ƙafafuna suna so su miƙe, na danne su da hannu. Ina jin ya gani. Da aka gama girbi ya ce wa Kawu a turo.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Lamba ita kaɗai ba ta gaya wa mutum komai sai ya tambayi ta mece ce, kuma ana yin tambayar ne kafin a ɗauki dattijo sama, ba bayan an sauke shi ba. Na riƙe wannan sosai, wataƙila ma fiye da kima. Ranar da aka haifi 'yarmu ta fari, ungozoma ta fito ta yi mini barka ta ce uku da ɗigo biyu. Na natsu, na gyara tsayuwa, na ce uku da ɗigo biyu na me?

Daga cikin ɗaki na ji muryar Habiba, a gajiye, tana cewa, "Kilo ne. A ce masa ya zauna."